Cukun Nova Serrana: Kumburin Ƙoda a Jikin Manya da Abin da Ya Biyo Baya

Nova Serrana gari ne na masu yin takalma a jihar Minas Gerais ta ƙasar Birazil, yamma da birnin Belo Horizonte. Masana'antun takalman wasanni ne suka tara masa jama'a, da su kuma aka san shi a faɗin ƙasar. Daga Disambar 1997 zuwa Yulin 1998 sai sunan garin ya shiga bakin likitoci ta wata hanya dabam. Mutum 253 suka kwanta da ciwo iri ɗaya, kumburin ƙoda mai zuwa farat ɗaya. Bakwai daga cikinsu sai da aka ɗora su kan injin wankin ƙoda. Uku suka rasu.

Shi ciwon ba baƙo ba ne. Duk likitan yara ya san shi: yaro ya yi ciwon maƙogwaro ko ƙuraje masu ruwa a fata, bayan 'yan makonni fuska ta kumbura, fitsari ya canza launi, a kwantar da shi 'yan kwanaki, a hana shi gishiri, ya tashi ya koma wasansa. Galibin yara haka suke warkewa sarai. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2005 ya nuna mutum fiye da 470,000 ke kamuwa da irin wannan kumburi duk shekara a duniya, kusan dukansu a ƙasashe matalauta, kuma yara ne mafi yawa. Abin da ya ɗaure wa likitocin Minas Gerais kai shi ne su wa ciwon ya kama. Tara cikin goma manya ne. Ga shi kuma tun shekarun 1970 ba kasafai ake ganin ciwon ya zo a matsayin annoba ba.

Abin da ya sa wannan lamari ya fi sauran irinsa daraja ga mai nazari shi ne ba a rufe shi da ƙarewar annobar ba. Likitocin ƙoda na yankin, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Tarayya ta São Paulo, sun ci gaba da kiran waɗannan mutane ana auna su har shekara ashirin. Da wuya a samu wata jama'a ta manya da ciwon ya kama a lokaci guda, daga tushe guda, aka kuma bi sawunsu tsawon haka.

Yadda ciwon ya riƙa zuwa

Farkonsa ba ya kama da ciwon ƙoda ko kaɗan. Zazzaɓi ne, da ciwon kai, da ciwon jiki, sai kaluluwa ta fito a wuya. Irin abin da mutum zai sha maganin zazzaɓi a kansa ya tafi wurin aiki. Bayan mako ɗaya zuwa kwana goma, lokacin da ya ɗauka ya rabu da abin, sai fitsari ya ragu, abin da ya fito kuma ya yi duhu, launin shayi mai kauri. Da safe fatar ido ta kumbura. Zuwa yamma ƙafa ta cika, in ka danna yatsa a ƙauri sai rami ya zauna. A ɗaura awon jini a tarar ya hau, a mutumin da bai taɓa jin an ce yana da hawan jini ba. Wanda abin ya yi wa tsanani, ruwan da ƙoda ta kasa fitarwa yakan taru masa a huhu, ya kasa kwanciya saboda numfashi.

Wannan tazara ta kwana bakwai ko goma ita ce mabuɗin gane ciwon. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatu kusan miliyan ɗaya, kowace matata kuwa dunƙulen jijiyoyin jini ne sirara waɗanda ba a gani sai da madubin likita. Aikinsu irin na rariya ne: ruwa da gishiri da dattin jini su wuce, ƙwayoyin jini da furotin su tsaya. A yini guda ƙodojin babban mutum suna tace ruwa wajen lita 180, su mayar da kusan dukansa cikin jini, abin da ke fita a matsayin fitsari wajen lita ɗaya da rabi ne.

A wannan ciwo ƙwayar cutar ba ta shiga ƙodar ta zauna. Tana can a maƙogwaro ko a fata. Garkuwar jiki ce ke haɗa makaman yaƙarta, haɗin kuwa yana ɗaukar kwanaki. Waɗannan makamai, tare da ɓurɓushin ƙwayar, su ne ke zuwa su maƙale a bangon matatun, su jawo fararen ƙwayoyin jini, wurin ya kumbura ya cushe. Sai abu biyu su faru tare: abin da ya kamata ya fita ya kasa fita, shi ne kumburin jiki da hawan jini, abin da ya kamata ya tsaya kuma ya ɓulle, shi ne jini da furotin a fitsari. Shi ya sa in an kai fitsarin mai wannan ciwo ɗakin gwaji don a shuka shi, ba a samun komai. Ya sha bamban da ciwon mafitsara ko ƙoda mai ƙwayar cuta a ciki, wanda ke zuwa da zafin fitsari da ciwon gefen baya.

Mai duba fitsarin da madubi yana ganin wani abu da ke yanke gardama. Ƙwayoyin jinin ba sa nan zagaye sumul yadda suke a jijiya, sun lanƙwashe sun yayyage saboda matsewar da suka sha wajen ratsa bangon matata. Wasu kuma sun haɗu sun daskare a siffar siririn bututun da suka biyo ta cikinsa. In aka ga wannan, jinin daga cikin ƙoda ya fito, ba daga mafitsara ba. A gwajin jini kuma akwai wani furotin na garkuwar jiki da ake kira C3, wanda ke raguwa sosai domin yaƙin yana cinye shi. A ƙa'ida yakan dawo daidai cikin mako shida zuwa takwas.

Neman tushen annobar

Duk wanda ya ji manya ɗaruruwa sun kamu da ciwon ƙoda a garin da ke cike da masana'antu, hankalinsa zai fara zuwa kan ruwan sha ko sinadaran aiki. Amma zazzaɓin nan da kaluluwar wuya da suka gabaci kumburin suna nuni ne ga ƙwayar cuta. Hukumomin lafiyar Birazil da ma'aikatan cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, suka bi wannan zare. Rahotonsu ya fito a mujallar likitoci ta Lancet a shekarar 2000.

Da farko suka zaɓi gidaje bakwai na waɗanda ciwon bai daɗe da kama su ba, suka goga auduga a maƙogwaron masu ciwon da iyalansu, mutum 30. Suka yi haka ga mutum 22 a gidajen maƙwabta da ba kowa da ya kamu. A gidaje huɗu cikin bakwai na masu ciwo aka samu wata ƙwaya, a maƙogwaron mutum shida. A gidajen maƙwabtan ba a same ta ko ɗaya ba. Kuma ba ƙwayar da aka saba gani a yara ba ce, wato Streptococcus ta rukunin A, wadda ɗan Adam ne gidanta. Wannan 'yar uwarta ce ta rukunin C, Streptococcus zooepidemicus, ƙwayar dabbobi. Tana zama a hanci da maƙogwaron dawakai, tana kuma sa wa shanu ciwon hantsa.

Da aka ce ciwon hantsa, sai ido ya koma kan madara. Aka yi wa masu ciwo 50 da wasu lafiyayyu 50 masu kama da su tambayoyi kan abin da suke ci na dangin madara. Abin da ya fito fili shi ne wani ɗanyen cuku na gida mai suna queijo fresco. Mutanen Minas Gerais ba sa wasa da cuku, har UNESCO ta sanya sana'ar yin cukunsu na gargajiya cikin al'adun da duniya ke karewa a 2024. Sai dai shi wannan ba irin wanda ake ajiyewa ya yi makonni yana bushewa ba ne. A tatso madara, tun da sauran ɗuminta a zuba mata abin da zai daskarar da ita, a tsiyaye ruwan, a danna da hannu a cikin mazubi, a barbaɗa gishiri. Fari ne, mai laushi, mai danshi, cikin 'yan kwanaki an sayar an cinye. In ba a dafa madarar ba tun farko, duk abin da ya fito daga hantsar saniya yana nan a cikinsa da rai.

Hujjar ba ta zo a dunƙule ba. Tambayoyin cin abincin sun nuna masu ciwo sun fi lafiyayyu cin cukun da kimanin ninki biyu, wanda a ma'aunin masu bincike hujja ce mai rauni, domin a yankin da kusan kowa ke cin abu, da wuya bambanci ya fito sosai. A watan Agustan 1998 an gwada samfurin abinci, an gwada madara da fatar hantsar shanu, ba a samu ƙwayar ba. Da a nan aka tsaya, da sai a ce zargi ne kawai.

Taswira ce ta ƙarasa aikin. A cikin Nova Serrana ciwon ya kama mutum 4.5 cikin kowane dubu. A wani ƙauye mai suna Quilombo do Gaia kuwa ya kama 18 cikin dubu, ninki huɗu ke nan. Gonar da ta fi kowace samar da ɗanyen cukun a ƙauyen take. Da aka je, aka tarar shanunta na fama da ciwon hantsa. Mata biyu da ke yin cukun a gonar, a maƙogwaronsu aka samu ainihin nau'in ƙwayar da ke jikin masu ciwo. Aka janye cukun daga kasuwa, daga nan ba a sake samun sabon kamu ba.

Game da matan nan biyu, adalci shi ne kada a ɗora musu laifin. Samun ƙwayar a maƙogwaronsu bai nuna daga su ta shiga cukun ba. Mutumin da hannunsa ke cikin madarar kullum, yana ɗanɗanawa, shi ne na farko da zai ɗauka. Abin da gwajin nasu ya tabbatar shi ne ƙwayar ta ratsa ta wannan gona.

Ba a Birazil aka fara ganin haka ba. A 1968 an yi makamanciyar annobar a Piatra Neamț ta ƙasar Romaniya, ita ma ta hanyar madara, kuma a farkon shekarun 1980 an ga ciwon a wani iyalin manoma a arewacin Yorkshire ta Ingila masu shan madarar shanunsu ba dafawa. Ba kuma a Nova Serrana aka daina gani ba. Daga ƙarshen 2012 zuwa farkon 2013 ƙwayar ta sake ɓullowa a garin Monte Santo de Minas, a jihar dai, aka tabbatar da mutum 175, a wannan karo ana danganta ta da madara da askirim ɗin da aka yi da ita.

Ƙwayar Nova Serrana ta kuma ɓata wa masana wani lissafi. An daɗe ana ɗora alhakin kumburin a kan wani furotin da ƙwayar rukunin A ke fitarwa, mai suna SpeB. A 2008 aka karanta dukan ƙwayoyin halittar nau'in da ya yi annobar, sai aka tarar ba shi da tushen yin wannan furotin kwata-kwata, amma ga shi ya kumbura ƙodar mutum fiye da ɗari biyu. Ke nan ba hanya ɗaya ce ke kai wa ga ciwon ba.

Abin da aka yi wa masu ciwon ba wani sabon abu ba ne, domin har yau babu maganin da ke warkar da kumburin kai tsaye. Ana ba da maganin kashe ƙwayar cuta irin su fenisilin don a kawar da ita daga jiki, kada kuma ta yaɗu, amma ba ya mayar da abin da garkuwar jiki ta riga ta yi wa matatun. Sauran aikin riƙe mara lafiya ne har ƙodar ta farfaɗo: rage gishiri da ruwa, maganin sa fitsari irin furosemide, maganin saukar da jini, sai wankin ƙoda ga wanda ruwa ko sinadarin fotashiyam ko datti ya taru masa fiye da kima.

Shekara biyu, biyar, goma, ashirin

Cukun ya bar kasuwa, kumburin jiki ya saɓe, mutane sun koma bakin aiki. Amma tsugunne ba ta ƙare ba.

Cikin waɗanda aka lissafa da farko, mutum 134 ne aka tabbatar da ciwonsu aka sa cikin jerin bibiya. Uku sun rasu tun ciwon yana ɗanye. Biyar ƙodarsu ba ta dawo ba, suka zama 'yan wankin ƙoda na dindindin. Takwas ke nan cikin 134, kusan mutum ɗaya cikin 17. Likitan yara zai iya shafe shekaru yana ganin wannan ciwo bai ga irin haka ba.

Bayan shekara biyu aka sake duba 69 daga cikinsu. Kusan duka manya ne, matsakaicin shekarunsu 39, kashi biyu cikin uku mata. Kashi 42 cikin ɗari suna da hawan jini. Kashi 30 ƙarfin tacewar ƙodarsu ya yi ƙasa da yadda ya kamata. Kashi 34 kuma furotin yana ɗiga a fitsarinsu, ɗan kaɗan wanda ido ba ya gani, sai gwaji. Waɗannan mutane ne masu yawo da ƙafafunsu, da za ka tambayi mafi yawansu sai su ce maka ai sun warke tuntuni.

A shekara ta biyar aka samu 56. Hawan jini ya sauka zuwa kashi 30, ɗigar furotin zuwa 22, amma masu raunin tacewa suka haura zuwa kashi 49. Waɗanda tacewarsu ta ragu sun fi sauran shekaru nesa ba kusa ba. A wannan mataki hoton ya yi muni, kamar ƙodojin na ci gaba da zamewa a hankali.

Binciken shekara ta goma ya zo da abin da na baya ba su da shi. An duba mutum 60 da suka yi ciwon, aka kuma jera su da mutum 48 waɗanda ba su yi ba. Da aka kwatanta, ƙarfin tacewar ƙodar ɓangarorin biyu bai bambanta sosai ba, zamewar da aka ji tsoro ba ta ci gaba ba. Abu ɗaya ne ya ƙi ɓoyuwa: hawan jini, kashi 45 a waɗanda suka yi ciwon, kashi 21 a waɗanda ba su yi ba. A shekara ta ashirin mutum 47 aka samu. Kusan uku cikin huɗu suna da hawan jini, fiye da rabi kuma suna da alamar ciwon ƙoda mai daɗewa, ko dai raguwar tacewa ko furotin a fitsari.

Waɗannan alƙaluma suna buƙatar a karanta su da hankali. A kowane zagaye wajen rabin mutanen ne ko ƙasa da haka suka zo. Wanda bai zo ba yana iya zama mai lafiya ƙalau da ya ga ɓata lokaci ne, yana iya zama wanda ya bar gari, yana kuma iya zama wanda ya rasu. Sannan mai shekara 39 a farkon bibiya ya doshi sittin a ƙarshenta, kuma shekaru kaɗai suna kawo hawan jini, suna rage ƙarfin ƙoda, ko mutum bai taɓa cin cuku ba. Saboda haka ni binciken shekara ta goma na fi ba wa nauyi, domin shi ne ya ajiye masu ciwo kusa da marasa shi ya auna. Abin da yake faɗa kuwa matsakaici ne. Wanda ya tsallake shekarun farko da ƙodarsa, ba lallai ba ne ta ci gaba da lalacewa. Amma ba ta koma kamar ba a taɓa ta ba, kuma inda tabon ke fara nuna kansa shi ne a awon jini.

Dalilin bambancin babba da yaro ba ɓoyayye ba ne. Matatar da ta yi tabo ba ta sake tsirowa. Yaro yana shiga ciwon da matatunsa cikakku, sababbi, ko ya rasa wasu yana da rara. Babba ya riga ya fara asararsu da shekaru, wataƙila da ɗan hawan jini ko suga da bai sani ba. Waɗanda suka rage sai su ɗauki aikin waɗanda suka mutu, su yi ta tacewa fiye da ƙarfinsu. Wannan ƙoƙari nasu ne ke ruɗin gwaji, domin sinadarin kiriyatinin, wani datti da ƙoda ke fitarwa wanda ake aunawa a jini, yana iya zama cikin iyakar lafiya har sai ƙoda ta rasa kusan rabin ƙarfinta. Takardar gwaji mai cewa lafiya lau bayan wata uku ba ta rufe magana ba.

Manyan da ake gani a asibitoci yau

Mutanen Nova Serrana, da duk abin da ya same su, suna cikin masu sa'a in aka kwatanta da galibin manyan da wannan ciwo ke kamawa a yanzu. Su ƙwayar ta zo ta wuce. A asibitocin ƙasashe masu arziki kuwa, babban da ke zuwa da kumburin ƙoda na ƙwayar cuta yawanci dattijo ne mai ciwon suga ko wata cuta da ta raunana shi, ƙwayar kuma wata ce dabam mai suna Staphylococcus, tana zaune a gyambon ƙafa, ko a ƙashi, ko a bawul ɗin zuciya, ko a bututun da aka sa masa a jijiya. Babu tazarar kwana goma a nan. Cutar tana ci, ƙodar tana kumbura, a lokaci guda.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2011 ya duba mutum 109 masu shekara 65 zuwa sama waɗanda aka tabbatar da ciwonsu ta hanyar tsakuro naman ƙoda. Kusan rabinsu masu ciwon suga ne. Fata ce wurin da cutar ta fi zama, Staphylococcus ce a kashi 46, Streptococcus a kashi 16 kacal. Kashi 46 sai da aka yi musu wankin ƙoda tun da farko. Cikin waɗanda aka iya bi, kashi 22 ne suka warke sarai, kashi 44 suka zauna da raunin ƙoda, kashi 33 ƙodar ta mutu. Gaskiya ne ba kowa ake tsakuro wa naman ƙoda ba sai wanda ciwonsa ya yi nauyi, don haka adadin ya fi na gama-gari muni. Duk da haka ba a haɗa shi da na yara.

A irin waɗannan mutane maganin ƙodar yana wurin gyambon. Sai an kashe ƙwayar, an fasa ƙurji an matse mugunya, an cire mataccen nama ko bututun da ya gurɓace. Magungunan danne garkuwar jiki irin su prednisolone, da ke taimakawa a wasu nau'o'in kumburin ƙoda, a nan ba a tabbatar da amfaninsu ba, kuma ga mai suga da ƙwaya a jiki suna iya ƙara dagula lamarin.

Inda ya shafe mu

Ƙasar Hausa ta san ciwon ta fuskar fata. Tun 1973 likitoci a Zariya suka wallafa bincike kan alaƙar ƙazuwa da ƙuraje masu mugunya da kumburin ƙoda. Susa tana fasa fata, ƙwaya ta shiga, bayan mako uku zuwa shida ƙoda ta amsa, lokacin da ƙurajen ma sun bushe an manta da su. Yanzu kuma ga ciwon suga yana yaɗuwa a birane da ƙauyuka, tare da gyambon ƙafar da ake ta ɗaurewa a gida wata da watanni. Baba mai suga da gyambo, in ƙafafunsa biyu suka kumbura, fitsarinsa ya ragu ko ya yi duhu, abin da ya fi sauƙi shi ne a ce sugan ne ya taɓa ƙoda. Wani lokaci haka ne. Amma ɓarnar suga a ƙoda a hankali take tafiya, shekara da shekaru. Wadda ta zo cikin mako biyu da jini a fitsari tana neman a duba gyambon.

Ta fuskar madara kuma, duk inda ake tatsar saniya ana samun ciwon hantsa, kuma makiyayi ya san shi: hantsa ta kumbura ta yi zafi, saniya ta ƙi tsayawa, madarar ta fito da gudaji ko jini-jini. Irin wannan madara zubarwa ake yi, ba a haɗa ta da ta sauran shanu. Wadda ta fito lafiya ma tafasawa ce ke tsare ta. A masana'anta ana ɗumama ta zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15, ko digiri 63 na minti 30. A gida tafasa ɗaya ta wadatar, kafin a sha ko a kwantar da kindirmo ko a yi cuku. Tsami yana rage wasu ƙwayoyi, amma bai kai wuta ba.

Abin da ya fi cutar da mai kumburin ƙoda a wurinmu sau da yawa shi ne abin da ake ba shi kafin ya isa asibiti. Jiki ya kumbura, sai a haɗa jiƙo, wani har da kanwa, ita kuwa kanwa cike take da sinadarin da ke cikin gishiri, wanda shi ne ƙodar ta kasa fitarwa. Ciwon jiki ya dame shi, sai a sayo diclofenac ko ibuprofen a kemis, su kuma suna rage jinin da ke shiga matatun. Wani a yi masa allurar gentamicin, wadda ita kanta tana taɓa ƙoda. Miya kuma tana nan da gishirinta da dunƙulen magi.

Bayan sallama daga asibiti, bibiyar ba ta da tsada in aka kwatanta da zama ɗaya na wankin ƙoda. Ana sake auna C3 bayan wata biyu zuwa uku, in bai dawo daidai ba ana zargin wani nau'in ciwon ne dabam, a nan ake tsakuro naman ƙoda a duba. Jinin da ido ba ya gani yana iya daɗewa a fitsari har shekara ɗaya ko fiye ba tare da ya zama abin tsoro ba. Furotin ne ake sa wa ido, shi da awon jini da kiriyatinin, a kai a kai a shekarar farko, daga baya aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da mutum ba ya jin komai. Wanda furotin ya ƙi barin fitsarinsa ko jininsa ya zauna a sama, likita kan ɗora shi kan magunguna irin lisinopril ko losartan, waɗanda ke saukar da jini su kuma rage matsin da ke kan matatun da suka rage. Mace mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan su, sai a canza mata wani.